Kujerar Yaro A Mota: A Fara Da Horar Da Malamai

Duk shekara idan Sallah ta ƙarato, ko makarantu suka yi hutu, 'yan Arewa mazauna biranen Kudu sukan yi haramar zuwa ganin gida. Daga Agege da Obalende a birnin Ikko, daga Sabon Badun da na Shagamu, daga Anacha da Fatakwal, motoci suna kama hanya cike da iyali, wasu a motar haya, wasu kuwa da Allah ya hore wa a tasu ta kansu. Tsakanin Ikko da Kano tafiya ce ta wajen kilomita 1,000 ko ma fiye, ko ta Ilori aka bi ko ta Lakwaja. A irin wannan tafiya ana duba taya da birki, ana ɗaure kaya da igiya har a girgiza a tabbatar ba sa motsi. Yaro ne kaɗai ake bari sakaka, ko dai a cinyar uwa a kujerar gaba, ko yana tsaye tsakanin kujeru yana kallon hanya.

Wannan sakaci ba ƙaramin abu ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa haɗarin mota yana cin rayukan mutum wajen miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asarar rai a kan titi, alhali kuwa ita ce ta fi ƙarancin motoci. Lamarin kuma ya fi shafar mutumin da garinsu yake nesa da wurin neman abincinsa, wanda tilas ne ya ɗauki iyalinsa ya ratsa ƙasar nan daga wannan gefe zuwa wancan.

Da yawa daga cikin iyaye suna zaton babu wurin da ya fi hannun uwa aminci. A ɗaki haka ne, amma a mota lissafin ya sha bamban. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a, wanda ma gudun cikin gari ne, idan ta yi karo ta tsaya nan take, duk abin da ke cikinta wanda ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudu har sai ya bugi wani abu. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga saman bene mai hawa uku. A cikin wannan ƙiftawar ido nauyin yaro yakan ninku sau ashirin ko talatin, ta yadda ɗan kilo 10 zai fizge da ƙarfin kilo 200 ko 300, watau nauyin buhun shinkafa huɗu zuwa shida. Babu uwar da hannunta zai riƙe wannan, komai ƙaunarta. In kuwa ita ma ba ta ɗaura bel ba, to jikinta ne zai danne yaron a gaban mota. Ga kuma jakar iskar da ke gaban fasinja, wadda aka yi don ta tare ƙirjin babba. Tana buɗewa da gudun da yakan kai kilomita 300 a sa'a, kuma ta sha kashe yaran da aka zaunar a gaba a haɗarin da manya suka fita da ƙafafunsu.

Maganin wannan ba sabo ba ne. A ƙasar Suwidin wani likita mai suna Bertil Aldman ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama jannati rigingine domin dukan bayansu ya ɗauki ƙarfin tashin kumbo. Daga nan ya ƙirƙiro kujerar yaro mai juya baya ga hanya a 1964. Hikimar ita ce kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. In yana fuskantar gaba aka yi karo, kan ne zai fizga ya ja wuya, in kuwa ya juya baya, majinginar kujera ce za ta tallafi kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. A Amurka kuwa jihar Tennessee ce ta fara kafa dokar tilasta kujerar yara, wadda ta fara aiki a farkon 1978 bayan fafutukar wani likitan yara, Robert Sanders, kuma kafin ƙarshen 1985 dukan jihohin ƙasar 50 sun bi sahu. Hukumar kiyaye haɗurran hanyoyi ta ƙasar, watau NHTSA, ta ƙiyasta cewa kujerar tana rage yiwuwar mutuwar jariri a ƙaramar mota da kashi 71 cikin ɗari, ta yaro mai shekara 1 zuwa 4 kuma da kashi 54.

To, a nan ne darasin yake. Amurkawa sun samu doka, sun samu kujera, 'yan sanda suna kame, amma da aka shiga leƙa motoci sai aka tarar iyaye masu yawan gaske, har da masu zurfin ilimi, ba su ɗaura kujerar daidai ba. Wani ya bi da bel ta ramin da ba nasa ba, wani ya bar kujerar tana lilo, wani ya juya jariri gaba tun lokaci bai yi ba. Dalili kuwa shi ne kujerun iri-iri ne, motocin ma iri-iri, kuma masu ba da shawarar su kansu kowa da irin abin da yake faɗa. Saboda haka a 1997 hukumar ta tsara manhajar horo guda ɗaya ga ƙasar baki ɗaya. Ko bayan haka, binciken da ta gudanar a 2011 ya tarar da kuskure mai rage kariya a kashi 46 cikin ɗari na kujerun da aka duba. Idan haka abin yake a inda aka yi fiye da shekara talatin ana wannan aiki, to ina ga inda kujerar take isowa daga kasuwar gwanjo, ba kwali, ba littafin bayani?

Tsarin horon nasu hawa biyu ne. Hawa na farko na masu duba kujera ne, waɗanda sukan fito daga cikin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan asibiti, har da iyaye masu sha'awar taimako. Sukan yi kwana uku zuwa huɗu ana koya musu a aji da kuma cikin motoci na gaske, a yi musu jarrabawar rubutu da ta hannu, a rufe da fita fili inda jama'a za su kawo motocinsu da 'ya'yansu a duba a gaban malamai. Takardar shaidar da ake ba su ta shekara biyu ce kacal, kuma mai son a sabunta masa sai ya ƙara karatu ya kuma nuna cewa hannunsa bai manta ba. Hawa na biyu na malaman da ke horar da waɗannan ne. Ba a zama malami sai an yi watanni ana aikin dubawa, sannan an koyar a gaban gogaggen malami wanda zai auna ilimin mutum da iya bayaninsa, ya ce ya isa ko da saura. Malami ɗaya nagari yana yaye masu dubawa da dama, kowannensu kuma yana isa ga iyaye masu yawa. Malami mai gurguwar fahimta ma ta wannan hanya zai watsa kuskurensa, shi ya sa aka tsananta wajen zaɓensu.

Babbar ƙa'idar da ake cusa wa masu wannan horo ita ce aikinsu koyarwa ne. Ba a son mai dubawa ya karɓi kujera ya ɗaura wa uba, uban yana gefe yana amsa waya, sannan a sallame shi. Gobe za a cire kujerar don a wanke mota ko a ɗauki kaya, kuma mai dubawa ba ya nan. Don haka hannun ƙarshe da zai taɓa kujerar kafin motar ta tashi, tilas ya zama na mai yaron.

Wannan ne ya sa horar da malamai ya wuce sanin ƙarfe da roba, domin koyar da babba fanni ne mai zaman kansa. Ɗan makaranta yana zaune a aji ko yana so ko ba ya so. Magidancin da ya shekara ashirin yana tuƙi tsakanin Badun da Sakkwato kuwa ba zai tsaya sa'an ɗansa ya gaya masa bai iya ba, balle a gaban iyalinsa. Da zarar ya ji an muzanta shi sai ya ce ya gode, ya ja motarsa, an rasa shi ke nan. Malamin da aka horar ya san zai fara da gaisuwa, ya tambayi shekarun yaro da nauyinsa, ya yaba abin da aka yi daidai, sannan ya ce, "Alhaji, a ɗan girgiza kujerar nan a gani," ya bar mai motar ya gano sakin da hannunsa. Gani ya kori ji. Ya san kuma a gidaje da yawa maganar kaka ce ke yanke hukunci a kan jariri, kuma tsohuwar da ta goyi 'ya'ya goma ba tare da wata kujera ba, sai an rusuna an gaishe ta, an bi ta da lalama, an nuna mata cewa hanyoyin yanzu da gudun yanzu ba irin na zamaninta ba ne.

Abin da za a koyar ba shi da wuyar ganewa in an samu mai bayani. Jariri da ƙaramin yaro a baya suke zama, cikin kujera mai juya baya ga hanya, har sai sun kai iyakar nauyi ko tsawon da masu ƙera ta suka rubuta. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 129, wadda ta fara aiki a 2013, ta sa wata 15 a matsayin mafi ƙaranci. Ba a ɗaura irin wannan kujera a gaban jakar iska. Ga sabon haihuwa sai a kishingiɗar da kujerar daidai alamar da ke jikinta, domin in ta miƙe tsaye kansa zai rinjaya gaba ya toshe masa numfashi. In an gama ɗaurawa a kama ta daga inda bel ya ratsa a girgiza, kada ta gusa fiye da inci ɗaya. Igiyoyin kafaɗa su kwanta ba murɗewa, su kama jiki yadda ba za a iya mintsino su da yatsu biyu ba. Naɗe jariri cikin tawul mai kauri, kamar yadda aka saba lokacin hunturu, yana barin sarari tsakanin igiya da jiki, saboda haka a fara ɗaure shi, sannan a lulluɓa daga sama.

Yaron da ya girmi kujerar amma bel ɗin manya bai zauna masa ba, matashin ƙarin tsawo yake bukata, domin bel ya bi ta kafaɗa da ƙashin ƙugu. In ya hau kan ciki yana iya yi wa hanji lahani, in ya bi ta wuya kuma yaron zai tura shi bayansa. Akwai ma abin da masu motoci da yawa ba su san suna da shi ba. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 2002, waɗanda irinsu suke da yawa a titunan Ikko, suna da ƙarafa ɓoye a tsagar kujerar baya, an yi su musamman don maƙala kujerar yaro.

A Nijeriya ba a rasa doka ba, ba a kuma rasa hukuma ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a watan Fabrairu na 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Daga ran 1 ga Janairu 2003 ta fara tilasta ɗaura bel, kuma wanda ya san halin direbobi kafin wannan rana ya san an samu canji. Zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a gaba, da barin ƙaramin yaro ba a ɗaure ba, suna cikin laifuffukan da take cin tara a kansu. Tana da makarantun horo a Udi ta jihar Inugu da kuma Jos, tana da rundunar 'yan sa kai, tana kuma da shirin tantance makarantun koyon tuƙi. Amma bel abu ne da ke maƙale a mota, ja ɗaya ake yi a danna, kuma tsoron tara ya isa ya sa mutum ya ja shi. Kujerar yaro kuwa sai an sayo, an zaɓi wadda ta dace, an iya ɗaurawa. Tara tana iya sa mutum ya ajiye kujera a baya don jami'i ya gani ya ɗaga masa hannu, amma ba ta koya masa ɗaurawa, kuma kujerar da ba a ɗaure ba takan tashi ita da yaron da ke cikinta.

Ga 'yan Arewa mazauna Kudu akwai ƙarin matsala, ita ce harshe. Wayar da kan da ake yi a waɗannan jihohi akasari da Turanci ake yin ta, ko Yarabanci, ko harshen Ibo. Ɗan kasuwar Mile 12 yana jin wanda zai yi ciniki da shi, amma bai isa ya fahimci kishingiɗar kujera da shi ba. Matarsa da ke cikin gida kuwa sau da yawa sanarwar ba ta isa gare ta sam, alhali ita ce ke riƙe da yaron a mota. Bugu da ƙari, mutumin da ya saba da tsayarwa da neman takardu a bakin titi, in ya ga mai kaki ya nufo motarsa ba darasi yake tsammani ba. Saboda haka wajibi ne malaman su fito daga cikin jama'ar kansu, masu jin Hausa, maza da mata, domin akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba, akwai kuma tambayar da mace ba za ta yi wa namiji ba.

Za a ce ai akasarin mutane ba su da mota, kuma kujerar tana da tsada. Gaskiya ne, kuma wannan ma dalili ne na neman malami, domin shi ne zai nuna wa mutum abin da zai iya yi da abin da ke hannunsa. A motar haya ma ana iya ƙin kujerar gaba in ana ɗauke da yaro. Ana iya biya wa yaron da ya tasa kuɗin wurinsa maimakon ya wuni ya kwana a cinya. Ba a haɗa uwa da ɗa a bel ɗaya, domin nauyinta ne zai matse shi. Ba a ɗora yara a saman kayan tirela komai arahar kuɗin mota. Mai sayen kujerar gwanjo kuwa, malami ne zai nuna masa ya duba takardar da ke liƙe a jikinta mai ranar ƙira, domin masu ƙerawa sukan ba ta wa'adin shekara 6 zuwa 10, ya duba ko robar ta tsage ko igiya ta fara zarewa, ya kuma guji wadda aka taɓa yin haɗari da ita ko da ba ta nuna alama. Za a kuma ji masu cewa Allah ne ke tsarewa. Babu mai musun wannan. Amma mai faɗar haka bai taɓa ɗora buhunan albasa ya bar su ba igiya ba, kuma ba ya kwana da shagonsa a buɗe.

Abin da ya kamata a yi a bayyane yake. Da farko, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tsayar da manhaja ɗaya ta horar da malaman kujerar yara, a fassara ta zuwa manyan harsunan ƙasar nan, a ba da takardar shaida mai wa'adi, a kuma yi horon da irin motoci da kujerun da ake samu a kasuwa. Na biyu, Sarakunan Hausawa na Ikko da Badun da Shagamu da sauran garuruwa, tare da shugabannin kasuwanni da na ƙungiyoyin direbobi, su miƙa sunayen mutanensu masu natsuwa da mutunci, ko da biyu-biyu ne daga kowace unguwa, su kuma ba da filin da za a riƙa duba motoci, musamman makon da ke gaban Sallah. Na uku, ma'aikatun lafiya na jihohi su tura ungozomomi da masu allurar rigakafi wannan horo, tun da babu inda iyaye mata ke taruwa kamar ranar awo da ranar allura. Na huɗu, attajiran da Allah ya yi wa buɗi a Kudu su sayi kujeru a ajiye a hannun ƙungiya, a riƙa ba da aro ga mai tafiya gida, da sharaɗin ba za a miƙa wa kowa ba sai ya ɗaura da hannunsa a gaban malami.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabuwar doka ko sabon ofis. Mutumin da ya bar garinsu ya zo Kudu yana shan rana da ruwan sama, in aka tambaye shi don wa yake yi, zai ce don 'ya'yansa. Irin wannan mutum ba zai ƙi rabin sa'ar da za a koya masa tsare su ba, muddin an samu wanda ya san abin, ya kuma san yadda ake magana da manya. Ya rage ga hukuma da shugabannin jama'a su samar da wannan malami kafin wata Sallar ta zagayo. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya maido shi lafiya.